Uwar Ƙofa Ba Ta Tsoron Gishiri

Ku yi haƙuri da ni yau, masu karatu. Sau uku ina goge layin farko. Wanda bai san ni ba, ga ni a taƙaice: shekarata ashirin da tara, ni ce auta a gidanmu, daga Litinin zuwa Juma'a ina tsaye a bayan kanta a shagon magani, ranar Asabar kuma ina kashe mutane a kan teburin cin abincin ƙawata. Kar ku tsorata, a wasa ne.

Wasan labari ne. Mutane su zauna su kewaye tebur, kowa da jaruminsa a rubuce a takarda: ƙarfinsa, wayonsa, abin da ke cikin jakarsa. Ni ce mai jan labari. Ni nake gina musu duniyar, in zana taswira, in ƙirƙiri dodannin da za su tare musu hanya. Su faɗi abin da jaruminsu zai yi, a jefa dayis, irin ƙwayar ludo amma mai fuska ashirin, ni kuma in faɗi abin da ya faru. A gabana akwai kwali a naɗe, a tsaye, yana kare littafina da dayis ɗina daga idanunsu. Doka ɗaya ce ke riƙe da wasan: su ba sa leƙa bayan kwali, ni kuma ba na yi musu ƙarya a bayansa. Shekara uku ban taɓa sauya lambar dayis ba, ko da kuwa jarumin da nake so ne zai mutu.

Mu huɗu ne. Ƙawata Nas, wadda a gidanta muke yi, jarumarta mai takobi ce marar haƙuri kamar ita. Mijinta Ticha, malamin lissafi, jaruminsa mai magani ne, kuma kafin ya taka ƙafa ɗaya sai ya yi tambaya goma sha biyu. Sai Dogo.

To, Dogo. Abokin Ticha ne, aikinsa auna filaye, ya zo kallo wata takwas da suka wuce, aka ba shi takarda, ya zaɓi ɓarawo mai hawan katanga, ya zauna bai sake tashi ba. Doguwar riga mai ruwan toka yake yawan sa wa, agogonsa a hannun dama, kuma in zai yi dariya sai ya fara rufe ido. Wata huɗu ke nan yana zuwa gidanmu duk Alhamis. Ina son sa. Na faɗa, ban ɓoye muku ba. Abin da ya hana ni barci shi ne ban san ko zan iya yarda da shi ba, kuma Baba ya ce ranar Lahadi yake son amsata, domin Dogo yana son turo manyansa.

Kun san dalilin tsorona, waɗanda suka daɗe tare da ni. Na taɓa kaiwa bakin aure shekara biyu baya. Mutumin ya ɗauki wayata ina alwala, ya karanta hirata da Nas ta wata shida, ya kwashe hotunan ya nuna wa 'yan uwansa. Na fasa. Har yau dangi ba su yafe mini ba.

"Don an duba waya?" Haka Mama take cewa duk lokacin da zancen ya taso. "Me ke cikin wayar, zinariya? Ke dai kin cika tsirfa, Auta."

Mama ba ta son wasan nan ko kaɗan. Wasan aljanu take ce masa. Wata rana ina falo ina zana taswira, ta tsaya a kaina da tsintsiya a hannu ta ce, "Sa'anninki suna goyo, ke kina gina wa dodanni gida. Wai shi wannan Dogon me kike jira da shi?"

Na ce, "Mama, ai sai ya shiga Gidan Dutse tukuna. Wanda ya shiga shi zan aura."

Da wasa na faɗa, wallahi da wasa, har da dariya. Ta harare ni ta ci gaba da shara.

Gidan Dutse shi ne babban aikina. Wata biyar na yi ina gina shi a cikin littafi mai koren bango. Ganuwa ce a kan tsauni, kariya uku gare ta. Ta farko Kunnuwa: wasu halittu makafi masu fata kamar ta jemage, suna manne a jikin katanga, ba sa gani amma suna jin numfashin mutum daga nesa. Rauninsu ɗaya, in rana ta take tsaka kunnuwansu kan yi zafi, sai su naɗe su su yi barci. Ta biyu kududdufin laka da ya zagaye ganuwar, da Tsutsar Ƙasa a cikinsa. Ita gudu take ji. Wanda ya ruga a kan gada ta haɗiye shi, wanda ya taka a hankali kamar mai ciwon baya ya wuce lafiya. Ta uku Uwar Ƙofa, tsohuwa mai jikin dutse da ke zaune a bakin ƙofar ciki, takobi ba ya cin ta, wuta ba ta ƙona ta. Sirrinta ban taɓa rubuta shi ba, a kaina yake: Uwar Ƙofa tana matsawa ne kawai ga wanda ya ajiye abin da ke hannunsa ya faɗi gaskiyar da ke ba shi kunya.

A bayan littafin kuma, shafuka goma na ƙarshe, ba dodanni ba ne. Ni ce. Can nake rubuta abin da ban iya faɗa wa kowa, har da duk abin da nake ji game da Dogo.

Asabar biyu da suka wuce suka iso gindin tsaunin. Nas ta ce su hau da asuba kafin a gan su. Dogo ya ce, "A'a, mu jira rana ta take." Ticha ya tambayi dalili, ya ce haka kawai ransa ya ba shi. Suka haura Kunnuwa na barci, ko ƙwarzane babu. Na ce a raina, kai, mutumin nan akwai kai.

Asabar da ta wuce suka zo gada. Na kwatanta musu kibau na zubowa ta baya, da gangan, don su ruga. Nas har ta ɗauki dayis. Dogo ya ɗaga hannu ya ce, "Kar kowa ya yi gudu. A hankali, kamar mai ciwon baya."

Kamar mai ciwon baya! Jama'a, kalmomin littafina ne, harafi da harafi. Na kalle shi ta saman kwali, ya sunkuyar da kai yana gyara fensir. Ranar ban san yadda na ƙarasa wasan ba.

Na dawo gida ina lissafi. Duk Alhamis littafin yana kan ƙaramin teburin falo, domin a nan nake zane kafin ya iso. Duk Alhamis nakan shiga kicin in haɗo shayi, minti goma, wani lokaci sha biyar. In ya karanta gaba, me zai hana shi juyawa baya? Na tura wa Nas saƙo.

Ni: Ina jin Dogo yana karanta mini littafi.

Nas: Ke! A'a. Shi ɗin?

Ni: Ya ce kamar mai ciwon baya.

Nas: To sai me? Ni ma ina da ciwon baya.

Ni: Ba wasa nake ba.

Nas: Ki tambaye shi mana.

Ni: Wancan da na fasa aurensa ma na tambaye shi. Ya rantse.

Ta daɗe tana rubutu tana gogewa, sannan ta turo: To ki yi abin da kika iya.

Abin da na iya shi ne ɗana tarko. Ranar Laraba da na dawo daga aiki na buɗe sabon shafi, na rubuta da kyakkyawan rubutu, har da jan layi: Uwar Ƙofa tana tsoron gishiri. In an watsa mata sai ta narke. Ƙarya ce tsagwaronta. A duk duniyar da na gina babu inda aka taɓa ambatar gishiri, babu wanda zai yi tunaninsa sai wanda ya ga shafin nan. Na kuma yanke a raina, duk wanda ya watsa mata gishiri za ta murƙushe shi nan take.

Ranar Alhamis na sa doguwar rigata mai ruwan zuma da ƙaramin mayafi baƙi, na shafa turare, na ajiye littafin a inda ya saba zama, na ɗora biro a kansa a karkace don in gane ko an taɓa. Ya zo da ledar tuffa ya miƙa wa Mama, ta yi ta sa masa albarka kamar ya kawo mota. Na shiga kicin na tsaya a gaban butar shayi ina ƙirga numfashina. Minti ashirin na ba shi. Da na fito biron yana nan yadda na bar shi, shi kuma yana kallon labulen taga.

"Lafiya kuwa, Shugaba?" Haka yake ce mini, saboda wasan. "Yau kin yi shiru."

"Gajiya ce."

"Akwai maganar da nake son mu yi."

Na ce, "Ina ji."

Sai ga Mama ta leƙo da faranti, wai ta yanka tuffar. Ta zauna a hannun kujera ta kama ba shi labarin ciwon gwiwarta, ba ta tashi ba har ya yi sallama. Biron bai motsa ba, amma mai auna filaye ai ya san yadda ake mayar da abu daidai inda ya same shi. Na kwana biyu ina jiran Asabar.

Yau Asabar, bayan la'asar, na isa gidan Nas. Teburin dai shi ne, mai shimfiɗar leda mai zanen lemo, ƙafa ɗaya an tokare ta da murfin kwalba. Fanka na juyawa tana kaɗa gefen taswira, Ticha ya danne ta da kofuna. Na kafa kwalina, na jera dayis a bayansa.

Na ce, "Kuna farfajiyar ciki. Akwai wani ɗan kasuwa da aka kama aka ɗaure a rumfa, kayansa a zube. Kuna iya ɗaukar abin da kuke so kafin ku isa ƙofa."

Nas ta ɗauki igiya. Ticha ya tambayi nauyin kowane abu, ya tambayi ko akwai guba a jikin igiyar, sannan ya ɗauki fitila. Dogo ya juya fensir ya dube ni.

"Akwai gishiri a kayan?"

Ya Allah. Nas ta ɗago ta kalle ni, na kauce wa idonta.

"Akwai," na ce. "Ƙulli ɗaya."

"Na ɗauka."

Ya rubuta a takardarsa. Ina kallon hannunsa, hannun da na riga na saba da shi, yana rubuta gishiri a ƙarƙashin igiyar hawa da wuƙa. Ticha ya yi dariya ya ce, "Miya za ka yi mana a ciki?" Babu wanda ya taya shi.

Na ci gaba, don mai jan labari ba ta tsayawa. Na kwatanta musu doguwar baranda mai duhu, ruwa na ɗiga daga rufi, da ƙofar baƙin ƙarfe a ƙarshe. Na kwatanta Uwar Ƙofa a zaune, gwiwoyinta sun kai tsayin mutum, gansakuka ta fito a kafaɗunta, idanunta a rufe. Na kurɓi ruwa. Nas, ko ba a faɗa ba, ta zare takobi ta kai sara. Ta jefa dayis, sha takwas.

"Takobin ya karye biyu," na ce. "Uwar Ƙofa ta buɗe ido ɗaya."

"Sha takwas fa!"

"Ko ashirin ne."

Ticha ya ce mai maganinsa zai koma bayan ginshiƙi ya yi nazari. Saura Dogo. Na riga na ɗauki dayis shida a tafin hannuna, waɗanda zan jefa in murƙushe ɓarawonsa. A raina kuma na riga na shirya abin da zan faɗa wa Baba gobe, da irin kallon da Mama za ta yi mini, da shekara nawa dangi za su ƙara yi suna cewa na cika tsirfa.

"Ɓarawo," na ce, ban kalle shi ba. "Me za ka yi?"

"Na ciro ƙullin gishirin."

"To."

"Na matsa gabanta." Fanka ta juya sau biyu ko uku. "Na ajiye shi a ƙasa."

Na ɗago.

"Na ajiye shi, na ajiye wuƙata. Sai in ce mata: ban cancanci shiga ba. Na san Kunnuwa suna barci da rana domin na karanta. Na san sirrin gada domin na karanta. Gishirin nan ma karantawa na yi." Yanzu ba Uwar Ƙofa yake kallo ba, ni yake kallo, kunnuwansa sun yi ja. "Shugaba, ban taɓa taɓa littafinki ba. Amma na karanta, kuma wannan bai fi wancan kyau ba."

Ya zaro wayarsa ya turo ta kan taswira, ta zagaye kwalin ta tsaya a gabana. Hira ce a buɗe. Sunan da ke sama: Mama. Hoton da ke jiki kuwa na Mamata ne, da gyalenta mai ruwan goro na ranar sunan ɗan Yaya.

Hotunan littafina ne, a karkace, wasu da ɗan yatsanta a gefe, na gane zanen shimfiɗar gadona a ƙasansu. Ashe ina wurin aiki take shiga ɗakina. A ƙarƙashin na farko ta rubuta: Ɗana ga amsar jarrabawar. Ta ce sai ka shiga gidan dutsen. Ka yi ƙoƙari kar ka faɗi.

"Na farko na buɗe ban san mene ne ba," ya ce a hankali. "Na biyu na sani sarai. Ina son ki ga kamar ina da wayo. Ranar Alhamis na zo in faɗa miki, ban samu dama ba, kuma gaskiya na ji daɗin rashin samun damar. Ki duba ƙasa."

Na ja hirar ƙasa. Bayan shafin gishiri akwai wasu hotuna goma, na jiya da safe. Mama ta rubuta: Wannan kuma na bayan littafin ne, duk maganarka ce a ciki. Hotunan dishi-dishi suke, kowanne da 'yar kibiyar saukewa a tsakiyarsa. Ba a sauke ko ɗaya ba. Amsarsa tana ƙasa: Mama, ki yi haƙuri, wannan ba zan buɗe ba. Don Allah ki daina turowa.

Nas ta rufe baki da hannu biyu. Ticha ya cire gilashinsa yana gogewa da gefen riga, ya rasa inda zai sa ido.

Ni kuwa abubuwa uku suka haɗu a raina. Haushin Dogo, domin sau biyu ya zauna a gabana yana karɓar yabo a kan abin da ya sata. Kunya, domin Mama ta karanta shafukan nan goma, uwata, ta san duk abin da na rubuta. Na ukun kuma shi ya fi ba ni tsoro: ɓarawon ya ajiye abin da ke hannunsa, ya faɗi gaskiyar da ke ba shi kunya. Bai san dokar ba. Babu wanda ya san ta a duniya sai ni, ba ta cikin kowane shafi da Mama za ta ɗauka. Ina iya jefa dayis shidan nan in ce ta murƙushe shi, Nas ma ta tafa mini, babu mai cewa na yi ha'inci.

"Ƙawata," Nas ta ce da ƙaramar murya, "mu tsaya haka?"

"Ba a tsayawa a tsakiyar zagaye."

Na buɗe tafin hannuna, dayis ɗin sun yi mini shaida a fata. Na zuba su a jaka ɗaya bayan ɗaya. Hawaye ya ɗiga a kan taswira, daidai kan baranda, tawadar ta ɗan baje.

"Uwar Ƙofa ta buɗe ido na biyu," na ce. "Ta daɗe tana kallon ka. Sannan ta ja gwiwoyinta, dutse na gugar dutse, ta matsa gefe. Ƙofar a buɗe take."

"Kai!" in ji Ticha. "Ta yaya? Wace doka ce wannan?"

"Dokar da ban rubuta ba."

Dogo bai yi murna ba. Ya dube ni, ya buɗe baki zai yi tambayar da na san zai yi, na ɗaga masa hannu.

"Ƙofar wasa ce ta buɗe. Tawa ban sani ba tukuna. Kar ka tambaye ni yau."

"Ba zan tambaya ba," ya ce. "Ko Lahadi goma ne zan jira."

Na miƙa masa wayarsa na ce ya goge hotunan a gabana, duka, har waɗanda ya riga ya gani. Ya goge. Na fara naɗe taswira, a karon farko cikin mako guda numfashina yana sauka har ƙasa. Na ce a raina zan je gida in roƙi Baba ya ƙara mini wata ɗaya, in zauna da Mama mu yi maganar da ba mu taɓa yi ba.

Sai wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Mama ce. Na karanta sau biyu, na miƙa wa Nas.

Auta, na san yau zai shiga gidan dutsen, na ba shi amsa duka. Na riga na faɗa wa Babanki kin amince, ya kira manyansu, gobe da hantsi za su zo. Ki biya ki sayo lemu katan biyu, kuma kar ki daɗe.